Tsofaffin Hotunan Gine-ginen Hukuma na Birnin Kano a Matsayin Shaidar Tarihi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin Kano sun saba dogara da hanyoyi biyu, watau rubutattun abubuwa irin su littafin Tarihin Kano da wasiƙun sarakuna, da kuma labaran baka waɗanda ake ji daga dattawa da maroƙa da bayin sarki. Akwai hanya ta uku wadda ba a cika ba ta haƙƙinta ba a sassan koyar da Hausa, ita ce ta tsofaffin hotuna. Galibi idan an sa hoton wata ƙofa ko wani soro a cikin littafi, don ƙawa ake sa shi, mai karatu ya kalla ya wuce.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa hoton tsohon gini shaida ne, kuma ya kamata a yi masa irin binciken da alƙali yake yi wa mai ba da shaida kafin ya karɓi maganarsa. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Haka ne, amma wanda ya ga hoto ya ga abin da wani mutum ya zaɓa ya nuna masa ne, daga inda ya tsaya, a wata rana guda. An taƙaita nazarin a kan gine-ginen hukuma da na jama'a da ke cikin ganuwa, watau Babban Masallacin Juma'a, da ganuwar kanta da ƙofofinta, da Gidan Rumfa, da Gidan Makama.

2.0 Halin ginin ƙasa

Kafin a gane darajar waɗannan hotuna sai an fara gane halin abin da aka ɗauka. Duk manyan gine-ginen birni na dā da ƙasa aka yi su. Magina kan haƙo ƙasa, a cuɗa ta da ruwa da ciyawa, a buga tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Bango kan fara da kauri daga tushe, yana sirancewa yana hawa. Rufi kuwa da azara ake yinsa, wadda ake tsagowa daga giginya domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta yi yawa, sai gwanayen magina suka ƙware wajen ɗaurin guga da bakan gizo, inda ake jera azara ana ɗaure ta daki-daki daga bango zuwa bango har ta haɗe a sama, a sami soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Sa'an nan a shafe rufin da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe bango da makuba ta kwasfar ɗorawa, a kafa indararo domin ruwa ya zuba nesa da gindin gini.

Duk da wannan dabara, damina ba ta barin ginin ƙasa yadda ta same shi. Kowace shekara idan ruwa ya ɗauke sai a yi yaɓe, a gyara zankwayen da suka zaizaye, a sake zanen da ya goge. Maginin bana ba lalle ne ya maimaita abin da na bara ya yi ba. Zanko kan ƙara tsawo ko ya ragu, a toshe taga a buɗe wata, a ƙara shigifa inda dā fili ne. Saboda haka idan an ce Gidan Rumfa ya haura shekara 500, abin da ake nufi shi ne wurin da sunan da babban tsarin gidan, amma jikin bangayen an sabunta shi sau da yawa. Ginin dutse ko ya rushe yakan bar kangon da za a auna. Ginin ƙasa kuwa in aka yi sakaci da shi damina kaɗan, sai ya koma tudu, tudun ma a kwashe shi a yi wani tubalin. Wannan shi ne dalilin da ya sa hoto ya fi tsada ga mai nazarin Kano fiye da yadda yake ga mai nazarin garuruwan dutse: shi kaɗai ne ke riƙe kamannin gini na shekara guda.

3.0 Waɗanda suka ɗauki hotunan

An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a Faransa a 1839. Amma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, da hannu ya zana birnin daga kan Dala, daga baya wani mai zane a Turai ya ƙawata zanen domin bugawa a littafinsa. Hotuna ba su yawaita ba sai bayan da rundunar Kanar Morland ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Daga nan ana iya kasa masu ɗaukar hoton gida huɗu.

Na farko su ne sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga ganuwa da ƙofofi da fada. Yawancin hotunansu suna cikin kundin Ofishin Kula da Ƙasashen Mallaka wanda ke ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila. Na biyu su ne matafiya da 'yan jarida, kamar E. D. Morel wanda ya buga littafinsa a kan Nijeriya a 1911, da Eliot Elisofon na mujallar Life wanda ya zo a 1959, hotunansa kuwa suna gidan tarihin Smithsonian da ke Washinton. A cikin wannan rukuni har da matuƙin jirgin saman nan na ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, wanda ya bi ta Kano a tafiyarsa ta Tafkin Chadi tsakanin ƙarshen 1930 da farkon 1931, ya ɗauki birnin daga sama da kuma daga ƙasa. Hotunansa suna ɗakin karatu na babbar makarantar fasaha ta Zurik, kuma an sa su a intanet.

Na uku su ne masu nazari, irin su E. H. Duckworth, editan mujallar Nigeria, wanda hotunansa ke Jami'ar Northwestern a Amurka, da H. L. B. Moody wanda ya bi ganuwa ƙofa-ƙofa ya rubuta littafi a kanta a ƙarshen shekarun 1960, da masanin gine-ginen nan mutumin Polan, Z. R. Dmochowski, wanda ya haɗa hoto da awo da zane, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990. Na huɗu su ne 'yan ƙasa, watau masu hoton Ma'aikatar Watsa Labarai ta Jihar Arewa, da na jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, da masu shagunan hoto waɗanda ake gayyata ranar salla ko naɗin sarauta. Wannan rukuni na ƙarshe shi ne aka fi yin sakaci da shi, alhali kuwa hotunansa suna nan a akwatuna da bangayen zaurukan gidajen birni.

4.0 Abin da hotunan suka adana

4.1 Babban Masallacin Juma'a

Littafin Tarihin Kano ya danganta ginin masallacin Juma'a da hasumiyarsa ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), bisa shawarar babban malamin da ya baƙunce shi, aka sare itaciyar da ake tsafi da ita aka gina hasumiya a gurbinta. Sarki Abdullahi Maje Karofi (1855–1883) ya sake gina masallacin. Masallacin ƙasa na wancan zamani shi ne ya kai ga zuwan Turawa, kuma a hotunan farkon ƙarni na 20 ana ganin hasumiyarsa, doguwa mai kusurwa huɗu, mai faɗin gindi, tana tsukewa tana hawa, ta tsere wa duk sorayen da ke kewaye da ita. Wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina zai gane cewa dangi ɗaya ne. A farkon shekarun 1950, ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953), aka kammala sabon masallaci na siminti mai ƙubba da hasumiya biyu. Na ƙasa bai bar kango ba. Duk wanda yake son sanin siffar hasumiyar Kano ta dā, babu abin da zai duba sai hoto.

Akwai wani abin lura a nan. Bayan an gina sabon masallacin, hasumiyarsa ta zama wurin da baƙi ke hawa su ɗauki birni. Saboda haka yawancin hotunan rufin sorayen Kano na shekarun 1950 da 1960 daga can aka ɗauke su, shi ya sa masallacin kansa ba ya fitowa a cikinsu.

4.2 Ganuwa da ƙofofi

Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Yusa ya kammala, sa'an nan aka faɗaɗa ta a zamanin Rumfa da kuma zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623). Gwamna Lugga ya rubuta a rahotonsa bayan cin Kano cewa kewayenta mil 11 ne, da ƙofofi 13, tsawonta kuwa ƙafa 30 zuwa 50. Wanda ya tashi ya tarar da guntayen tudun da suka rage yau zai iya zaton an yi ƙari a wannan lissafi. Hotunan farkon mulkin Turawa su ne ke ba shi amsa, domin a cikinsu ana ganin mahayin doki ko raƙumi da kayansa a gindin ƙofa, ya zama ɗan mitsitsi, kuma da tsawon mutum ana iya ƙiyasta tsawon gini.

Har wa yau hotunan sun nuna cewa ƙofar dā matsattsiya ce, doguwar hanya mai duhu a cikin kaurin ganuwa, da ƙyaure mai ɗaurin ƙarfe wanda sarkin ƙofa ke rufewa da dare. Wasu daga cikin waɗannan ƙyamare suna ajiye a Gidan Makama. An kuma gina wasu ƙofofin a lungu, inda ganuwa ta lanƙwaso ciki, yadda duk wanda ya tunkaro ƙofa da yaƙi zai sha kibiya daga dama da hagu. Zuwan mota shi ya kawo ƙarshen wannan tsari. Aka buɗe Sabuwar Ƙofa a 1937, aka yi ta faɗaɗa sauran. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, aka gina wata da siminti, duk da cewa tun 2007 sunan ganuwar Kano yana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa Hukumar UNESCO domin a duba yiwuwar sa su cikin kayan tarihin duniya.

Hotunan sama kuwa sun bayyana abin da mai tafiya a ƙasa ba ya gani. Sun nuna cewa gidaje ba su cika ganuwa ba, akwai gonaki da filaye masu yawa a cikinta, waɗanda za su ciyar da gari su kuma ɗauki mutanen karkara idan an kawo hari. Sun kuma nuna ɗimbin kududdufai a tsakanin unguwanni. Kowane kududdufi gurbin ƙasar da aka haƙa aka yi gini ne, kuma shi ke karɓar ruwan damina. Da yawansu an cike su an yi gini a kai.

4.3 Gidan Rumfa da Gidan Makama

Gidan Rumfa shi ne ginin da aka fi ɗauka, amma kusan kullum daga waje, musamman ta Ƙofar Kudu, inda ake jafi ranar Hawan Daushe. Masu hoton dawaki da mahaya suke nufi, ginin kuwa yana bayansu. Wannan ya zama alheri ga mai nazari, domin idan ya jera hotunan salla na shekaru daban-daban, zai sami fuskar gini guda daga kusan wuri guda, shekara bayan shekara. Ta haka ake ganin lokacin da zanen bango ya sauya, da lokacin da siminti da fenti suka maye gurbin makuba. Daga cikin gida kuwa an fi ɗaukar sorayen karɓar baƙi, kamar Soron Ingila, wanda aka gina a zamanin Abdullahi Bayero, sarkin da ya ziyarci Ingila a 1934.

Gidan Makama, wanda ake cewa an gina wa Rumfa ne tun kafin ya hau gadon sarauta, ya zama masaukin Turawan mulki na ɗan lokaci bayan 1903, daga baya aka mai da wani sashensa gidan tarihi. Shi gini ne da aka ɗauka a hoto, kuma yanzu shi ne ma'ajiyar hotunan wasu gine-ginen da suka shuɗe.

5.0 Tantance shaidar hoto

A shari'ar Malikiyya alƙali ba ya yanke hukunci da shaida sai an yi mata tazkiya, kuma a yawancin al'amura shaidu biyu ake nema. Haka ya kamata a yi wa hoto. Abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa da'awa ce kawai, domin sau da yawa wanda ya rubuta bai san birnin ba. Yakan kira kowane babban soro fada, ko ya musanya sunan wata ƙofa da wata, ko kuma ya sa shekarar da aka buga hoton a maimakon shekarar da aka ɗauke shi. Ga wasu hanyoyin bincike.

Hanya ta farko ita ce neman abin da aka san shekarar zuwansa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayansa ne kwanon rufi da siminti suka fara samuwa da sauƙi. Jiragen sama sun fara sauka Kano a watan Nuwamba 1925, saboda haka babu hoton sama da zai riga wannan shekara. Ruwan famfo da wutar lantarki na En'e sun fara aiki a farkon shekarun 1930, don haka turken lantarki ko famfon unguwa a gefen hoto ya isa ya ƙaryata wanda ya ce a zamanin Sarki Abbas (1903–1919) aka ɗauka. Ƙubbar sabon masallaci kuwa tana nuna an shiga shekarun 1950. Ko zanen bango yana ba da labari, domin wanda aka zana keke ko mota ko jirgin sama a cikinsa ya faɗi zamaninsa da kansa.

Hanya ta biyu ita ce duban inuwa da yanayi. Kano tana kan digiri 12 arewa da ikweta. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana takan bi ta arewa da tsakar ka, inuwar tsakar rana ta faɗi kudu, a sauran watanni kuma ta faɗi arewa. Ke nan bangon da ke fuskantar kudu, idan an gan shi cikin haske da tsakar rana, ba a tsakiyar damina aka ɗauke shi ba. Kududdufi cike da ruwa, da bango mai zirin zaizaya, alamun damina ne ko kaka. Sabon yaɓe da hazo alamun rani ne.

Hanya ta uku ita ce tabbatar da inda mai hoto ya tsaya. Dala da Gwauron Dutse ba sa ƙaura, kuma Gwauron Dutse yana yamma da Dala. Idan ɗayansu ya fito a hoto, ana iya gane fuskar da aka dosa. Wannan yana kuma tona wani kuskure da ake yi wajen wanke hoto, inda ake kifa fim, dama ta koma hagu. Rubutun Larabci ko na boko a jikin bango yakan fallasa irin wannan nan take.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi sauran, ita ce neman shaida na biyu daga bakin mutane. A kai hoton unguwar da ake zato, a nuna wa dattawa da magina da masu unguwanni, kowa shi kaɗai, kuma kada a fara gaya masa abin da aka rubuta a ƙasa. In maganar mutum biyu ta zo ɗaya, ta kuma dace da abin da inuwa da turken lantarki suka nuna, to shaida ta tsayu.

6.0 Abin da hoto ya yi shiru a kansa

Ko shaidar da ta tsayu tana da iyaka. Yawancin tsofaffin hotunan baƙi da fari ne, saboda haka jan ƙasar Kano da ƙyallin makuba da launukan da aka ƙawata cikin soraye da su duk sun ɓace. Cikin soro yana da duhu, na'urorin farko kuwa suna bukatar haske mai yawa, shi ya sa hotunan ɗaurin guga suka yi ƙaranci, alhali a nan ne gwanintar magini take. Cikin gidan sarki, inda mata ke zaune kuma shi ne babban sashen fada, baƙo namiji ba ya shiga, sai a shekarun baya ne wata mai bincike, Heidi Nast, ta yi nazarinsa a littafin da ta buga a 2005.

Bugu da ƙari, mai hoto yana da abin da ya zo nema. Sojan da ya ci gari yana son a ga girman ganuwar da ya karya, baƙo mai yawon buɗe ido yana son abin da zai ba mutanen ƙasarsu mamaki. Don haka ƙananan gine-ginen hukuma, kamar zaurukan alƙalai da na masu unguwanni, inda talaka ya fi saduwa da mulki, ba su sami rabo sosai ba. Daɗin daɗawa, da wuya a ga hoton da aka rubuta sunan maginin da ya yi aikin a ƙarƙashinsa. An san sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, domin labarin baka ya riƙe shi.

Masallacin nan na Zariya misali ne na amfanin haɗa hoto da awo. Lokacin da aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini a shekarun 1970, an riga an auna shi an zana, har aka iya gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Tsohon masallacin Kano ya tafi kafin irin wannan aiki ya iso gare shi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ginin ƙasa yana sauya kama kowace shekara, kuma idan ya tafi ba ya barin kango, saboda haka hoto ne babban shaidarsa. An kuma ga cewa wannan shaida ba a karɓar ta sai an bincika wanda ya ɗauka, da lokaci, da wuri, an kuma nemi wata ta biyu. Hotunan da ke Landan da Zurik da Washinton suna cikin kyakkyawar ajiya, za su daɗe. Abin da ke ƙarewa shi ne mutanen da za su dube su su ce wannan soron wane ne, wannan lungu ina ya ɓulle, wannan ɗauri yaya magina ke kiransa. Wanda ya yi salla a tsohon masallacin ƙasa yana yaro, yanzu ya haura shekara 80.

A nan ne aikin ya faɗo wa ɗaliban Hausa, domin su ne ke da harshen da za a yi tambayar, su ne kuma aka koya wa tattara kalmomi da labaran baka. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri yana iya ɗaukar ƙofa guda ko soro guda, ya tara hotunansa daga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da Gidan Arewa na Kaduna da gidajen mutanen unguwa, ya jera su bisa shekaru, ya kai wa dattawa, ya rubuta sunan kowane sashe na ginin kamar yadda magina suka faɗa. Da haka sashe zai tara abin da babu shi a ma'ajiyoyin Turai da Amurka, watau hoto tare da bayaninsa na Hausa. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.